Shu'aibu Na-Bama da Gayyar Dashen Shinkafa

A Kucheri ta ƙasar Tsafe aka haifi Shu'aibu, a gidan da dukiyarsa ba ta wuce garma da rumbu ba. Ya tashi dogo, mai faɗin tafin hannu, mai ƙarancin magana. Da yaƙin Turawa ya yi zafi aka zo neman samari, sai ya faɗa cikin waɗanda aka ɗiba. Aka ɗora su a jirgin ƙasa a Gusau, daga nan sai jirgin ruwa, ya yi ta kallon teku har ya daina tambayar inda gaɓarta take. Suka sauka Indiya, aka hore su, aka wuce da su Bama. Ba Bama ta Barno ba, wata ƙasa ce can gaba da Indiya, mai tsaunuka da kurmi da ruwan sama wanda ba ya jin kunyar kowa.

Ya yi yaƙi yadda aka sa shi. Ya hau tsaunuka da kaya a ka, ya binne abokai, ya sami igiyar kofur a hannun riga. Amma in aka tambaye shi labarin yaƙi ba ya daɗewa a kan bindiga. Abin da ya zauna masa a rai wani kwari ne da rundunarsu ta yada zango a gefensa da damina. Igwa tana ruri a bayan dutse, mutanen ƙauyen kuwa sun fito maza da mata, sun jeru cikin ruwa iya ƙwauri, kowa da damin tsiron shinkafa a hannun hagu. Su tsinki biyu ko uku su cusa a laka, su ja da baya, su sake cusawa, suna wata waƙa mai sanyi. Gonar tana fitowa a gabansu kamar ana saƙa tabarma. A gida yafa shinkafa ake yi a fadama, ta tsiro tare da ciyawa su yi ta kokawa, wanda ya yi rinjaye shi ke nan.

Wani tsoho ya ga baƙin soja tsaye yana kallo, ya yafito shi. Shu'aibu ya cire takalma ya shiga. Ba su da kalma ɗaya ta tarayya, sai tsohon ya kama yatsunsa ya nuna masa iyakar zurfin da saiwa take so. Tun daga ranar, duk sararin da ya samu a kwarin yake ƙarar da shi. Ya ga yadda ake rainon iri a ɗan fangali, da yadda ake tare ruwa da gaɓar laka, da yadda ake tattake ƙasa sai ta yi laushi kamar kunu.

Da ya dawo, gonar gidansu ta riga ta rabu tsakanin 'yan'uwa, don haka ya zauna Gusau yana dakon buhunan gyaɗa da auduga a tashar jirgi. Nan aka laƙaba masa Na-Bama. Mutane suna ɗan ja da tsoffin sojoji, ana cewa ƙarar igwa ta taɓa kawunansu, shi kuma shirunsa bai taimaka ba. Abokinsa na gaske ɗaya ne, Istifanus, mutumin kudancin Zariya, wanda ya yi aikin ɗaure rauni a rundunarsu, yanzu yana ba da magani a Sabon Gari. Da la'asar sukan zauna gindin ɗurumin bakin tasha, Istifanus da jarida, Shu'aibu da goro.

Wata rana Istifanus ya naɗe jaridar ya nuna hanyar kasuwa da ita.

"Kofur, ka lura kuwa? Mutanen Japan da muka je kora da bindiga sun biyo mu har Gusau. Matata Saratu ta ce ba za ta shiga coci ran Kirsimeti ba sai da yadinsu."

"Ka saya mata, Likita. Kai ba ka da zaman lafiya in ba ka saya ba."

"Na saya. Dubi kwanonin fenti na Hongkong, sun fara korar ƙwarya daga ɗakunan amare. Turaren Indiya a kowane shago. Direbobin Kano suna rera waƙar Indiya, ka tambaye su ma'anarta su yi maka dariya. Ga shi nan an rubuta, manyan Asiya da na Afirka sun yi taro a Indunisiya, babu Bature a kan kujerar gaba. Yanzu kowace ƙasa so take a so ta."

Shu'aibu ya tauna goronsa ya ce, "Da da bindiga sunka zo, da mun tare ƙofa. Abin da mutum ya gani ya yi sha'awa, da hannunai yake buɗe mai."

"To kai me ka buɗe wa? Ban ga ka sayi ko hankici ba."

"Laka," in ji Shu'aibu.

A shekarun nan ne ya auri Luba, bazawara mai sayar da ƙuli-ƙuli, 'yar wani dattijo a Bungudu da ake kira Baba Hamidu. Mace ce mai hannu da baki, duka biyun masu sauri. Ta sha labarin kwarin Bama da safe, ta sha da yamma, har ran nan ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, shinkafar nan ta bakinka na gaji da cin ta, ba ta ƙosarwa. Baba na da fadama bakin gulbi, rabinta ciyawa ta cinye. Je ka roƙe shi."

Ya tafi Bungudu, ya tuɓe takalma tun daga ƙofar zaure, ya durƙusa nesa da buzun surukinsa. Ya faɗi abin da yake so cikin 'yan kalmomi. Baba Hamidu ya daɗe yana jan carbi.

"Ka shuka, ta fito, ka tumɓuke, ka sake shukawa. Haka kac ce?"

"Haka ne, Baba."

"Mu albasa munka sani da wanga wahala, da taba." Ya ajiye carbin. "Don ɗiyata zan ba ka, damina guda. In ta yi, mu yi magana. In ba ta yi ba, ɗan ƙanena na jiran wurin, kai kau ka koma ma buhunanka, kuma kada in sake jin sunan Bama cikin gidan ga."

Shu'aibu ya bar dako, suka tare Bungudu. Kafin ruwa ya sauka ya yanka fadamar gida-gida, ya tayar da gaɓar laka a kewayen kowane, ya buɗe 'yar hanyar ruwa daga gulbi. Masu wucewa sukan tsaya su tambaye shi ko gari zai gina wa kwaɗi. Iri kuwa bai nemo na ko'ina ba, jar shinkafar nan ce ta gida wadda kakanni suka sani. Ya yafa ta da kauri a ɗan fangali guda, Luba ta riƙa korar tsuntsaye da kaji, har wurin ya yi kore shar, mai laushi kamar gashin jariri. Da ruwa ya zauna ya shiga tattake gonar da ƙafa, yana jan faifan katako a baya don ta daidaita, matsattsaku suna shan rabonsu a ƙwaurinsa.

Tsiron ya kai tsawon tafin hannu da ɗan ɗori, lokacin dashe ya yi. Aikin ya fi ƙarfin mutum biyu, in kuma aka yi jinkiri irin zai tsufa a fangali. Sai ya raba goro ya kira gayya. Luba ta tara mata aka dama fura, aka ɗora tukwanen tuwo. Aka kira Jaɓɓi makaɗin noma, wani siririn tsoho mai rowar murmushi, wanda ya san taken kowane manomi a ƙasar. Sarkin Noma na unguwar ya amsa zai zo da mazajensa. Istifanus ma ya taka kekensa daga Gusau, ya iso da gajeren wandon kaki da hular kwano.

Da sassafe Shu'aibu ya tumɓuke irin duka, ya ɗaure dami-dami ya jera a inuwa. Daga nan babu komawa. Abin da aka tumɓuke ba ya komawa fangali, in bai shiga ƙasa a ranar ba ya yi yaushi ya mutu.

Mazaje suka iso da garemani a kafaɗa. Ya ce su jingine su, yau hannu ne zai yi aiki. Aka yi guna-guni, amma aka jingine. Ya shiga ruwa ya nuna musu: a tsinka, a cusa, a ja da baya.

Sarkin Noma, ƙato mai wuya kamar turmi, ya riƙe ƙugu. "Tsaya, soja. Baya za mu yi ta yi?"

"Baya, Sarki. In kun yi gaba za ku take abin da kunka dasa."

"To ai daɓe kak kira mu. Mata ka ja da baya in suna daɓen ɗaki, har su fita ƙofa." Aka fashe da dariya. "Namiji aikinai yake fuskanta. Tun da nit tashi ban taɓa ba gona baya ba, kuma ba a kan ciyawar Bama zan fara ba. Ba mu irin, mu mun san noma."

Shu'aibu ya dubi gindin wata ƙirya a bakin gona. Baba Hamidu yana zaune can a kan buzu, hannu a haɓa. Ba a jayayya da Sarkin Noma a gaban suruki, kuma ba a koya wa wanda ya zo taimako tarbiyya. Ya raba musu damman.

Gayya kuwa tana da tsarinta tun kaka da kakanni. Mazaje su jeru, makaɗi ya tsaya a gabansu yana ja, yana kiran taken kowa, su kuma su bi shi da gudu, wanda ya riga kai ƙarshen kunya shi ne gwarzon ranar. Jaɓɓi ya tsaya a gaba ya saki ganga. Jinin mazaje ya motsa. Suka yi gaba suna cusa tsiro ta ko'ina, na baya yana taka na gaba, ƙafa tana bin hannu tana nutsar da abin da hannu ya dasa. Ruwa ya yi baƙi. Kafin Shu'aibu ya kai ga makaɗin ya riƙe masa hannu, gidan farko ya koma turmin laka, karyayyun tsirrai suna yawo a saman ruwa. Dammai masu yawa sun tafi a banza.

Ganga ta yi shiru, kowa ya ga abin da ya faru. Wani ya ce dama shinkafa ba albasa ba ce. Waɗansu suka fita suka fara wanke ƙafa a bakin gulbi. Rana ta ɗaga, ganyen damman da suka rage a inuwa ya fara sunkuyawa.

Istifanus ya matso, lakar ta kai masa har gwiwa. "Kofur, mu biyu mu yi iyakar abin da za mu iya."

"Mu biyu ba mu kai rabi kafin dare, Likita."

Luba ta aiko da ƙoren fura, mazaje suka zauna sha. Shu'aibu bai sha ba. Yana tsaye cikin ruwa yana kallon Jaɓɓi, wanda ya koma can gefen gona ya zauna a kan gaɓa, yana ɗan taɓa gangar da yatsu don kada fatar ta saki. Ba kiɗa yake yi ba, taɓawa ce kawai. Duk da haka kafaɗun masu shan fura suna motsi, wani ma ya karkata wajen sautin bai sani ba. Shu'aibu ya daɗe yana duban wannan. Mutanen nan ba ƙarshen gona suke bi ba, gangar suke bi.

Ya je ya tsuguna gaban makaɗin.

"Baba Jaɓɓi, alfarma nika nema. In an koma, ka tsaya bayansu, can ƙarshen gona."

Jaɓɓi ya dube shi sama da ƙasa. "Ni? Na yi ma sarakunan noma kiɗi tun ba a haife ka ba. Ban taɓa yi ma ƙeyar mutum kiɗi ba."

"Wanda duk ka kira yana zuwa, ko ta ina kat tsaya. Haka nij ji ana faɗi. Ko ba gaskiya ba ne?"

"Wa ya ce ba gaskiya ba ne?"

"To kira su su zo maka da baya. In sun zo, babu makaɗin da ya taɓa yin haka a ƙasar ga."

Tsohon ya shafa fatar gangar. "Da wane take? Na noma gudu yake sa wa."

Shu'aibu ya rufe ido ya shiga tafa hannu a hankali, yana gunjin waƙar nan ta kwarin Bama da hanci, wadda bai taɓa sanin ma'anarta ba. Bugu biyu na cusawa, ɗaya na ja da baya. Jaɓɓi ya taɓe baki.

"Wanga ai barci zai sa su. Kawo in gyara ma mutanenka kiɗinsu."

Ya ɗauki bugun ya ƙara masa gishiri, ya sa masa wata 'yar karkarwa a tsakiya irin ta Zamfara, amma ƙashin bayan yana nan yadda ya zo. Ya tashi ya zagaya can ƙarshen gida na biyu ya tsaya a kan gaɓa. Shu'aibu da Istifanus suka shiga ta wannan gefen, suka ba shi baya, suka fara. Tsinka, cusa, ja. Layi biyu suka fara fitowa a gabansu, miƙaƙƙu, kore a kan ruwa.

Jaɓɓi ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ga soja da malamin asibiti sun taho gare ni. Yau wanda bayansa ya fara taɓa gangata, da layinai miƙe, shi a gwarzo. Ina mazan Bungudu? Ko sai baƙo ya ci gayya a gabanku?"

Sai ya saki taken Sarkin Noma a cikin sabon bugun.

Sarkin Noma yana riƙe da ludayin fura. Ba a taɓa kiran takensa yana zaune ba. Ya ajiye ludayin, ya ɗauki dami, ya shiga ruwa kusa da Istifanus yana cewa, "Matsa, Likita, kada ka faɗi a rasa mai ba ka magani." Cusawarsa ta farko ta yi zurfi, ta biyu ta karkace. Shu'aibu ya dai rage sauri yadda hannunsa zai ganu. A ta biyar Sarki ya kama. Waɗanda suka wanke ƙafa suka dawo suka sake ɓata ta.

Abin kallo ne a ranar. Jerin mazaje sun sunkuya, bayansu yana sheƙi da gumi, suna tafiya wajen sautin da ba sa gani, gabansu kuwa gona tana buɗe ido. Wanda ya yi gaggawa layinsa ya karkace, Jaɓɓi ya yi masa habaici da ganga, a yi masa dariya ya gyara. Matan da suka kawo tuwo suka tsaya a kan gaɓa, wata tsohuwa ta ce ashe maza ma sun iya daɓe, Sarkin Noma ya amsa mata ba tare da ya ɗago ba cewa nasu daɓen ci ake yi. In an gama gida guda, Jaɓɓi ya koma ƙarshen na gaba. Shi Sarkin ne bayansa ya fara taɓa gangar, ya miƙe ya yi kirari kamar ya kashe zaki.

Irin bai isa ba. Rana tana gab da faɗuwa dami na ƙarshe ya ƙare, gidan farko da aka tattake ya zauna fayau, sai ɗan abin da aka tsinto. Baba Hamidu ya naɗe buzunsa ya tafi.

Watannin da suka biyo Shu'aibu ya yi su a bakin ruwa, yana buɗewa yana toshewa. Ciyawa ta nemi fitowa ta tarar ruwa ya rufe mata kai, wadda ta tsira kuma ana ganinta sarai tsakanin layuka a cire. Kowane tsiro ya yi 'ya'ya ya cika wurinsa. Mutanen Wanke da na Kwatarkwashi masu zuwa kasuwa suka riƙa ratsowa su gani. Waɗansu su yaba, waɗansu su ce wahalar ta yi yawa, su gara su yafa su huta. Jaɓɓi kuwa ya riƙe bugun nan ya mai da shi nasa, har a gayyar gero yakan sako shi in mazaje sun gaji, yana cewa shi ya ƙago shi. Shu'aibu bai taɓa musa masa ba.

Da kaka ta yi, gonar ta sunkuya da nauyin kanta, ja kamar garwashin da ya kwanta, ban da gidan farko da ya tsaya da 'yan tsirarun kawuna. Ran da aka sa lauje Baba Hamidu ya zo. Ya bi gaɓa a hankali da sandarsa, ya tsinki kai guda ya murje a tafi, ya hure ƙaiƙayi, ya tauna. Shu'aibu ya ajiye lauje ya durƙusa.

Tsohon ya nuna gidan farko da sanda. "Wancan fa?"

"Nan ne anka yi gaba, Baba."

"Na gani, ina zaune." Ya sake duban sauran gonar. "Irin ga, daga can kaz zo da shi?"

"A'a, Baba. Namu ne, na rumbunka ma. Hannun ne na can."

Baba Hamidu ya gyaɗa kai. "Na gaya ma ɗan ƙanena ya nemi wani wuri. Ka ci gaba da nomanka." Ya juya zai tafi, ya tsaya. "Baɗi in za ka yafa iri a fangali, ka faɗaɗa shi. Akwai 'yar fadamata ta bayan gari. Kuma ka yi ma Jaɓɓi magana da wuri, kada wani ya riga mu."

Shu'aibu ya ce to. Bai tashi ba sai da tsohon ya hau tudu. Sannan ya ɗauki laujensa ya koma cikin shinkafa, Luba tana bayansa tana ɗaure dammai. A fadamar nan ya yi sauran ƙarfinsa, bai sake ɗaukar buhun wani a ka ba.